Abokaina biyu na son shiga manhajar da na gina, in karɓe su?

Sani_Kod:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na daɗe ina gina wata manhajar Android ta tsara ayyuka: mutum ya rubuta abin da zai yi, ta tuna masa idan lokaci ya yi, ya ajiye 'yan rubuce-rubucensa, kuma tana aiki ko babu data. Da Flutter, wani kayan aikin gina manhaja, na rubuta ta, ni kaɗai, da daddare bayan na taso daga aiki. Yanzu akwai makarantu da ƙananan ofisoshi da ke amfani da ita, kuma tambayar kowa ɗaya ce: yaushe za su iya buɗe aikinsu a waya da kwamfuta duka, su kuma raba aiki da abokan aikinsu. Wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai.

Abokaina biyu da muka yi makaranta tare sun ce za su shigo. Ɗaya ya iya harkar saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan masu amfani a intanet, ɗaya kuma gwanin zana fuskar manhaja ne. Ba kuɗi za su zuba ba, aiki za su yi, kuma sun ce a raba komai gida uku daidai. Mutanen kirki ne, ban taɓa ganin abin ƙi a wurinsu ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Waɗanda suka taɓa haɗa gwiwa a irin wannan aiki, me kuka gani? In ban karɓe su ba, wace hanya ta rage mini?

Bashir_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa karɓe su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daidaita bayanai tsakanin na'urori ba ƙaramin aiki ba ne, musamman ga manhajar da ke aiki babu data. Malami ya gyara abu a wayarsa yana ƙauye, shugaban makaranta ya gyara abu ɗin nan a kwamfuta, sai bayan kwana biyu wayar ta hau intanet. Gyaran wa za a ɗauka? Wannan kaɗai zai cinye maka watanni. Ga wanda ya iya ya kawo kansa, kai kuma kana jan ƙafa.

Hajiya_Injiniya:
Sani, tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, shi ya sa hankalinka bai kwanta ba. Ta farko, wa zai taya ka aiki. Ta biyu, wa zai mallaki abin. Kana buƙatar mataimaki, wannan Bashir ya yi gaskiya. Amma ba dole ba ne mataimaki ya zama mai kashi ɗaya cikin uku tun ranar da ya shigo, alhali kai ka riga ka gina, ka samo masu amfani, shi kuma bai rubuta layi ɗaya ba.

Abin da kamfanonin fasaha suka saba yi shi ne kaso ya riƙa nuna a hankali. Tsarin da aka fi sani shekara 4 ne: in mutum ya bar aiki kafin ya cika shekara ɗaya ba shi da komai, in ya cika sai kwatan kasonsa ya tabbata, sauran kuma ya riƙa tabbata wata-wata har ƙarshen shekara ta huɗu. Ba don ana zargin kowa aka tsara haka ba. Mutum na iya samun aiki a Legas, ko ya tafi karatu waje, ko aure ya zo hidima ta yi masa yawa. Duk ba laifi ba ne. Amma in ya tafi bayan wata uku da kashi 33 cikin ɗari a aljihunsa, ku biyun da kuka rage za ku yi ta yi masa aiki har abada.

Umar_Maiduguri:
Abin da Hajiya ta faɗa na gan shi da idona. Mu biyu muka yi wata manhajar ajiye lissafin shago. Abokin aikina shi ya buɗe asusun Google Play da sunansa, shi ya sayi adireshin shafin, saba ma da katinsa ake biya, saboda a lokacin katinsa ne ke aiki da dala. Da saɓani ya shiga tsakaninmu kan kuɗi, sai ya daina ɗaga waya. Kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, yana hannuna gaba ɗaya, amma ba ni da ikon tura wa mutane gyara ko ɗaya, domin ba a mayar da manhaja daga wani asusu zuwa wani sai mai asusun ya nema da kansa. Masu shaguna suna kira na kan matsalar da na riga na gyara a kwamfutata, ba yadda zan kai musu. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin amanarsu suka ba ni.

Sani_Kod:
Subhanallah. Malam Umar, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ni asusun Play da sunana yake, amma saba ɗin da za a kafa, shi abokin nawa ya ce zai buɗe da kansa.

Umar_Maiduguri:
Amin. To nan ne wurin. Kar ka bari. Kai ka buɗe, ka ba shi izinin shiga gwargwadon aikinsa.

Barista_Zee:
Bari in ƙara ta fuskar doka, a taƙaice. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, manhajar kwamfuta tana cikin ayyukan rubutu, kuma asali haƙƙin na wanda ya rubuta ne, sai dai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Mayar da haƙƙin ga wani kuma ba ya inganta sai a rubuce. Ma'ana, in abokinka ya rubuta ɓangaren saba babu takarda tsakaninku, wannan ɓangaren nasa ne, ko da a cikin manhajarka yake zaune. Ranar da ya ce a cire masa kayansa, kana cikin rigima.

Shawarata: ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa kamfani mai zaman kansa, ba sai ka nemo na biyu ba. Ka mayar wa kamfanin haƙƙin abin da ka rubuta, duk wanda zai shigo ya sa hannu cewa abin da ya rubuta na kamfanin ne, asusai duka su koma sunan kamfanin. Sannan ka tuna da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Da zarar bayanan malamai da ɗalibai sun bar wayoyinsu sun koma saba, nauyin tsare su ya hau kanku, kuma duk wanda ka ba makullin rumbun bayanan yana iya karanta su.

Bashir_Zazzau:
Barista da girmamawa, amma wannan duk sai ka ce da abokan gaba zai yi aiki. Mutumin da kuka ci abinci a kwano ɗaya ka miƙa masa takarda ka ce sa hannu? A wurinmu wannan kamar ka ce masa ban yarda da kai ba ne.

Malam_Habu:
Malam Bashir, a nan kam ban bi ka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai ake yi wa magana, ba abokan gaba ba. A Suratu Sad kuma, aya ta 24, an faɗa cewa da yawa daga masu tarayya sashensu yana zaluntar sashe, sai waɗanda suka yi imani suka aikata na ƙwarai. Rubutu ba zargi ba ne.

Irin tarayyar da suke nema ma malamanmu sun san ta, ita ce tarayyar jiki, wato mutane su haɗa aikin hannunsu ba dukiya ba. Malikiyya sun halatta ta idan aikin iri ɗaya ne ko makusancin juna, kuma rabon ya bi gwargwadon aikin kowa. To a nan Sani ya shigo da abin da ya riga ya gina, su kuma da aikin da za su yi nan gaba. Rabo daidai wa daida a haka akwai abin dubawa. Ya kamata a fara ƙiyasta darajar abin da ke ƙasa tukuna, kuma ya zauna da malamin da ya san mu'amala su duba tare.

Nura_Tsaro:
Ni ta ɓangaren tsaro zan shigo, domin ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Wanda ka ba ikon saka kod a manhajarka, ka ba shi ikon shiga wayar duk mai amfani da ita.

Ku tuna abin da ya faru da xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfuta mai tsarin Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau, ya yi haƙuri sama da shekara biyu har aka yarda da shi aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane ta SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya gano a ƙarshen Maris 2024, saboda ya lura shiga SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyalewa. Kafin wannan, a 2018, mai event-stream, wani guntun kod da manhajoji da yawa ke amfani da shi, ya miƙa wa wani baƙo ragamar aikin don ya daina amfani da shi, baƙon ya cusa kod ɗin satar kuɗi daga Copay, wata manhajar ajiye Bitcoin.

Bashir_Zazzau:
Nura, misalinka ni yake goyon baya ai. Me ya sa Jia Tan ya samu shiga? Saboda mutum ɗaya ne ke ɗauke da kayan, ya gaji, ana ta matsa masa lamba ya nemi mataimaki. Da su uku ne amintattu tun farko, kowa na duba aikin kowa, da wuya abin ya wuce. Kuma Sani ba baƙon intanet zai ɗauka ba, ya san gidajensu ya san iyayensu. Zaman mutum ɗaya ma haɗari ne. Allah ya kiyaye, in yau ya kwanta rashin lafiya, wa zai riƙe wa makarantun nan manhajar?

Nura_Tsaro:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Ban ce ya zauna shi kaɗai ba. Cewa nake yarda ba ta maye gurbin tsari. Ko ɗan uwanka na jini ne, ana iya sace masa kwamfuta ko kalmar sirri. A buɗe ƙungiya a GitHub, shafin da ake ajiye kod, maimakon asusun mutum ɗaya, kowa ya kunna tabbaci mai mataki biyu, kada gyara ya shiga ainihin kod ɗin sai wani ya duba, kuma kada a taɓa ajiye makullan sirri cikin ma'ajiyar kod, domin Git, tsarin da ke adana tarihin gyare-gyare, ba ya mantuwa: ko ka goge, yana nan cikin tarihi.

Aisha_Linux:
Me zai hana ka buɗe kod ɗin kawai? Duk mai son taimakawa ya turo gyara, ka duba, in ya yi ka karɓa. Ba rabon kaso, ba rigima. Joplin, wata manhajar ajiye rubuce-rubuce, ma haka take, mutum ɗaya ya fara ta, yanzu jama'a da yawa ke sa hannu.

Kabiru_Saba:
'Yar uwa, buɗe kod ba ya kawo ma'aikata da kansa. Abin da ya fi zuwa shi ne masu ƙorafi da masu neman a ƙara musu abu. Duba gyaran wani ma aiki ne, wani lokaci ya fi rubuta naka cin lokaci. Sannan in ka karɓi kod ɗin mutane ƙarƙashin GPL, wani lasisin buɗaɗɗen kod, babu wata yarjejeniya, ranar da kake son sauya lasisi sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka nemi izini. Kuma kowa na iya ɗaukar kwafi ya ɓalle. Haka aka kashe OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi ta ofis.

Aisha_Linux:
Malam Kabiru, ba ɓallewa ce ta jawo wa OpenOffice matsala ba, matsalar ce ta jawo ɓallewar. Oracle ta sayi Sun, kamfanin da ke riƙe da OpenOffice, a farkon 2010, masu aikin sa kai suka ga ba su da ta cewa kan makomar aikin, sai a Satumbar shekarar suka kafa The Document Foundation suka ci gaba da sunan LibreOffice. A 2011 Oracle ta miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache, tana nan har yau, sai dai tafiyarta ta yi sanyi ƙwarai. Mai amfani bai rasa komai ba, ya samu wadda ta fi. Haka Nextcloud a 2016: Frank Karlitschek da ya kafa ownCloud, manhajar ajiye fayiloli a saba, shi da kansa ya fita ya ɗauki kwafi ya ci gaba. A buɗaɗɗen kod in an ɓata, kowa na iya tafiya da aikin. A rufaffe kuwa sai irin abin da ya samu Malam Umar.

Kabiru_Saba:
Na ji, amma waɗannan manyan ayyuka ne masu ɗaruruwan mutane da kamfanoni a bayansu. Sani so yake makarantu su biya shi. In ya buɗe, gobe wani ya sauya launi ya saka suna ya je ya sayar wa makarantun nan da rahusa.

Aisha_Linux:
Akwai lasisin AGPL, wanda ke tilasta wa wanda ya ɗora gyararren kwafi a saba ya buɗe nasa kod ɗin. Kuma makaranta ba kod take saya ba, wanda zai ɗaga waya in abu ya lalace take biya.

Maman_Ilham:
Ku yi haƙuri, ni ba mai rubuta manhaja ba ce, sakatariya ce, amma irinmu ne ke amfani da abin da kuke ginawa. Na yi shekaru komai nawa yana cikin Wunderlist, wata manhajar tsara ayyuka. Microsoft ta saye ta a 2015, a watan Mayun 2020 aka rufe ta aka ce mu koma To Do. Wanda ya kafa ta ma ya fito fili ya roƙi a sayar masa da abinsa, bai samu ba. Don Allah Sani, ko da wa za ka yi aiki, ka saka mana hanyar fitar da bayananmu cikin fayil ɗin da za mu iya buɗewa da wata manhajar. Rigimarku ta masu gini kada ta ci aikinmu.

Sani_Kod:
Maman Ilham, wannan magana ta shige ni. In sha Allah zan saka, ko da kuwa ban ƙara komai ba a zubi na gaba.

Hajiya_Injiniya:
Mu dawo kan tambayarsa ta biyu, wato wace hanya ta rage in bai ba da kaso ba. Akwai su da dama.

Jinga ita ce ta farko. Ka yanka aikin saba ka ce ga abin da nake so, ga kuɗi, ga lokaci, haƙƙin kod na kamfani ne. In babu kuɗi a hannu, ka je wa makarantun da ke neman wannan ƙarin ka ce su biya kuɗin shekara tun yanzu. In sun ƙi biya, ka gane cewa buƙatar ba ta kai yadda suke faɗa ba, ka huta da gina ta. Ko kuma ku yi da abokinka cewa zai riƙa karɓar wani kaso na kuɗin da ɓangaren saba ya kawo na tsawon lokaci sananne, ba tare da ya mallaki kamfanin ba.

Sannan ka tambayi kanka ko dole ne ka gina saba daga tushe. Firebase da Supabase suna ɗauke maka rajistar masu amfani da rumbun bayanai, Firestore, rumbun bayanan Firebase, ma tana riƙe gyara a waya har sai an samu intanet. Ba za su warware maka tambayar Bashir ta gyaran wa za a ɗauka ba, wannan hukuncinka ne, kuma da dala ake biyan su in aiki ya girma. Amma suna rage aikin sosai.

Akwai kuma hanyar Obsidian, wata manhajar ajiye rubuce-rubuce. Mutum biyu suka fara ta a 2020, ainihin kod ɗin a rufe yake, amma sun buɗe ƙofa kowa ya rubuta ɗan ƙarin da zai jona, kuma rubutun mai amfani fayiloli ne a na'urarsa. Jama'a na gina abubuwa a kai, ba wanda ya taɓa cikin gidan. SQLite, manhajar rumbun bayanai da kusan kowace waya ke ɗauke da ita, ita ma, kod ɗinta a buɗe yake ga kowa, amma 'yan mutane kaɗan ne ke rubuta ta, ba sa karɓar gyara haka kawai daga waje.

Kabiru_Saba:
Ƙari a kan wannan, kar ka ɗauka mutum uku na nufin sauri ninki uku. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, tsarin sarrafa manyan kwamfutoci, a IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma hanyoyin magana suna yawaita: mutum 3 hanya 3, mutum 5 hanya 10, mutum 10 hanya 45. Watannin farko kai ne za ka rage gudu, kana bayanin abin da ke kanka wanda ba ka taɓa rubutawa ba.

Ibro_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan mun yi mu uku kuma lafiya lau muke har yanzu, don kar a ce duk tarayya ɓaci take. Abin da ya riƙe mu: kowa da ɓangarensa da yake da maganar ƙarshe a kai, kuɗi kuma kowane wata ana buɗe lissafi gaban kowa. Kuma tun farko mun rubuta yadda za a yi in wani zai fita, nawa za a saye kasonsa, wa zai ƙiyasta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, shi ya sa muka fara da ƙaramin aiki na wata biyu kafin a yi maganar kaso.

Sani_Kod:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na zauna da su jiya. Na ce mu fara da gwaji: mai saba ya gina shiga da rajista kawai, mai zane ya sake fasalin shafin farko, in biya su abin da ya sawwaƙa, bayan nan mu zauna kan kaso mai nuna a hankali, a rubuce. Mai saba ya amince nan take, har ya ce shi ma ya fi son haka. Mai zanen kuwa ransa ya ɓaci, ya ce bai zo a matsayin ɗan kwangila ba, shi ɗan uwa ya ɗauke ni. Ban san yadda zan yi da shi ba, domin ba na son abotarmu ta lalace.

Bashir_Zazzau:
Ka ga abin da nake gudu ke nan. Kuma ka fahimce shi, mai zane kullum shi ake rainawa a aikin manhaja, alhali fuskar ce mutane ke gani su so ko su ƙi. Wataƙila ji ya yi ka fifita ɗayan.

Hajiya_Injiniya:
Ka koma wurinsa kai kaɗai, ba a waya ba. Ka nuna masa cewa sharaɗin zai hau kanka kai ma: wani ɓangare na kasonka ya tabbata saboda aikin da ka riga ka yi, sauran kuma ya nuna a hankali kamar nasu, in ka gudu ka bar su kai ma ka rasa. Yawanci in mutum ya ga takardar ta ɗaure mai ita, yakan sauko.

Barista_Zee:
Kuma kar ka rubuta takardar kai kaɗai ka kai musu. Ku zauna ku uku ku faɗi abin da kowa ke tsoro, sannan lauya ya mayar da shi rubutu. Kafin nan, kada ka karɓi zane ko ɗaya daga wurinsa ka saka a manhajar.

Umar_Maiduguri:
Sani, asusun saba fa? Ka buɗe da kanka ko har yanzu?

Sani_Kod:
Na buɗe da safiyar nan, Malam Umar, da imel ɗin da na ware wa manhajar. In rajistar CAC ta fito zan mayar da komai sunan kamfani. Malam Ibro, don Allah ko za ka faɗa mana yadda kuka tsara ƙiyasta kason wanda zai fita? Nan ne ban gane ba tukuna.